Wayar Sifikar Baba

Tun ranar da Gwaggo Uwani ta ce mahaifiyar Inuwa ce ta shayar da Maimuna, aka hana Inuwa taka ƙofar gidan mahaifinta Malam Audu da ke Tarauni.

Maganar ta fito ne ana dab da sa ranar aure. Gwaggo ƙanwar Malam Audu ce, ita ke riƙe da gidan tun da ya kwanta ciwo. Ta tara manya ta ce ba za ta iya haɗiye abin da ta sani ba. Ta ce lokacin da mahaifiyar Maimuna ta rasu ta bar ta cikin tsumma, gidan haya ɗaya suke zaune da iyayen Inuwa a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma da idonta ta ga uwar Inuwa ta ba jaririyar nono.

Babu mai ƙaryata ta. Iyayen Inuwa duk sun rasu. Malam Audu kuwa shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa, duk abin da aka tambaye shi sai ya gyaɗa kai yana hawaye. Limamin unguwa ya ce shaidar mace ɗaya ba ta haramta aure, amma barinsa ya fi kusa da tsoron Allah. Da wannan magana aka mayar wa Inuwa kayansa.

Ba a jima ba Lawan, ɗan Gwaggo, ya fara sallama da Maimuna. A shekarar ne sojoji suka miƙa mulki, shi kuma ya samu shiga wurin sabon ciyaman, har an ba shi mota.

Abu ɗaya ya rage wa Malam Audu, wanda suke kira Baba, a duniya da yake jin daɗinsa, wato sauraron kaset ɗin tafsiri da labaran rediyo. Saitin da ya saya da kuɗin sallamarsa yana falo, ɗakinsa kuma ba soket. Inuwa ne ya kawo dabarar a bar saitin a falo, a kai sifikun biyu ɗakin Baba. Ya haɗa su da wata siririyar tsohuwar waya, ya ce na wucin gadi ne kafin ya sayo ta kirki. Kafin ya sayo aka raba shi da Maimuna.

Yanzu wayar ta tsinke. Ɗakin ya yi tsit, Baba ya juya fuska bango, ko koko ya ƙi sha.

Ranar Asabar da hantsi Maimuna ta yafa mayafi ta ɗauki jaka. Ta karɓi albashinta na koyarwa a firamaren Darmanawa, ta ware abin da za ta iya.

"Ina zuwa?" Gwaggo ta tambaya daga bakin murhu.

"Gyaɗi-Gyaɗi, Gwaggo. Waya zan sayo wa Baba."

"Ke kin san waya ne? Ga yayanki can a waje da mota, shi zai kai ki."

"Da acaɓa ma zan iya zuwa."

Gwaggo ta ajiye ludayi ta dube ta. "Maimuna, ni na yi miki wankan jarirai. Ba zan cuce ki ba. Yaron nan shi ke ɗaukar ubanki a baya ya kai shi asibiti. Me kike so ya yi kuma, ya yanko miki naman jikinsa? Wancan dai ɗan'uwanki ne na nono, ki cire shi a ranki tun kafin ki shiga fushin Allah."

Maimuna ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi damunta shi ne duk abin da aka faɗa a kan Lawan gaskiya ne. Bai taɓa yi mata tsawa ba, bai taɓa gajiya da Baba ba. Da mugu ne da ta san yadda za ta ƙi shi.

A mota ya yi ta ba ta labarin ofis. Suna wuce bangaye da ragowar fastocin zaɓe da rana ta kodar, yana nuna mata wanda ya ci da wanda ya faɗi.

"Umma ta ce bayan ƙaramar sallah," ya ce a hankali, idonsa a kan titi. "Amma na ce mata sai na ji daga bakinki."

"Yaya Lawan, ni yanzu ko abin da zan ci ban iya zaɓa ba."

"To ki bar mini zaɓin. Ba za ki yi nadama ba."

Ta juya fuska ga taga.

Shagon da ta ce a tsaya na Bitrus ne, abokin Inuwa tun suna yara, don a gidan hayar nan ɗaya suka tashi. Ƙaramin shago ne cike da rediyoyi na hannu da ƙwayayen fitila, wayoyi kuma a nannaɗe suna rataye tun daga sama har ƙasa. Suna fitowa daga mota wasu 'yan jam'iyya da ke zaune a tsallaken titi suka hango Lawan, suka shiga ɗaga masa hannu.

"Shiga ki fara dubawa, bari in gaisa da su," ya ce. "Kada ki kalli kuɗi, ki ɗauki wadda ta fi kowacce."

Bitrus ya tarbe ta da fara'a. "Malama Maimuna, sannu da zuwa. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Wayar sifika nake so, mai sauƙin kuɗi amma wadda ba za ta tsinke ba."

Ya sauko mata da kala huɗu ya jera a kan kantar shagon. Ɗaya tana cikin kwali, bakinta na ƙyalli kamar zinare. Ɗaya siririya ce fara. Biyu kuwa ja da baƙi ne a manne, kamarsu ɗaya, sai dai ya ce kuɗinsu ba ɗaya ba.

"Me ya raba waɗannan biyun?"

"Cikinsu. Daga ina zuwa ina za a ja ta?"

Ba ta auna ba. Ko tunanin awo bai zo mata ba.

"Yadi goma sha biyu kowace sifika," aka ce daga bayan labulen da ya raba shagon da sito. "Ta bin bango, ba ta tsakar ɗaki ba."

Jakarta ta kusa faɗuwa. Inuwa ne ya fito, sanye da farar rigar kemis ɗin da yake aiki a Unguwa Uku. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Bitrus ya ɗauki buta ya ce zai kama ruwa, ya fice.

Maimuna ce ta fara magana.

"Da na san kana nan da ban zo ba."

"Ni ma ban san za ki zo ba, wallahi."

"Ban ma san da wane suna zan kira ka ba yanzu. In ce Yaya, bakina ya ƙi. In kira ka yadda na saba, sai in ji kamar saɓo nake yi." Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi. "Kullum in na yi sallah sai in roƙi Allah ya cire mini kai. In na shafa kuma sai in ji tsoron kada ya amsa."

Inuwa ya dafa kantar shagon da hannu biyu. "Maimuna, ki saurare ni. Mahaifiyar Bitrus, Mama Kande, ta iso jiya daga Kafanchan, an kawo ta asibitin ido. Ɗakinta na kallon namu a gidan nan lokacin da aka haife ki. Yanzu za ta biyo nan. Ita nake jira."

"Don ka tambaye ta?"

"Abin da ya fito da ni ke nan. Amma tun da na zauna nake cewa in tashi in tafi."

"Saboda me?"

"In ta ce gaskiya ne fa? Yanzu ina da 'wataƙila'. Da ita nake tashi, da ita nake kwana. In Mama ta ce ta gani, shi ke nan, kin zama ƙanwata har abada, ni ne ma zan riƙe miki akwati ranar da za a kai ki gidan wani."

Maimuna ta zauna a kan benci.

"To kada ka tambaye ta."

"In bari a ɗaura miki aure bayan sallah ban sani ba?"

"To ka tambaye ta."

"Yanzu kika ce kada in tambaya."

"Ban sani ba, Inuwa. Ban san komai ba. Gwaggo ita ta raine ni, ba zan ce ta yi ƙarya ba. Kai kuma zuciyata ba ta taɓa ce mini wana ne kai ba. Baba yana kallona yana kuka, ban san ko cewa yake in haƙura ba, ko cewa yake kada in yarda. Waya na fito saya, ita ma ga ta nan guda huɗu, na rasa wadda zan ɗauka."

Ya miƙo hannu kamar zai ba ta hankici, sai ya janye ya mayar aljihu.

A haka Lawan ya shigo, Bitrus na biye da shi. Ya dubi Inuwa, ya dubi jajayen idanun Maimuna. Fuskarsa ta canja, amma ya miƙa hannu.

"Malam Inuwa. Ashe ana nan."

"Ana nan, Alhaji Lawan."

"Shiri kuka yi?" ya tambayi Maimuna, ba da ƙarfi ba.

"Wallahi ba shiri ba ne, Yaya."

Lawan ya juya ga kantar shagon ya ɗauki mai kwalin. "Wannan ce babba ko? Naɗe mana ita mu tafi."

"Ita ce babba, ranka ya daɗe, in ka saya ni ne da riba," in ji Bitrus. "Sai dai gajera ce, an yi ta ne don sifikar da ke kusa da saiti. Kafin ta kai ɗakin Baba sai an sayi kwali da yawa an yi ta ƙulli, kowane ƙulli kuma wurin matsala ne."

"To a kawo kwalayen."

"Yaya Lawan, ka bari," in ji Maimuna. "Ni zan saya wa Baba."

"Kuɗina da naki akwai bambanci ne?"

Ta san abin da zai biyo baya in ta bari ya biya a gaban Inuwa. Kafin la'asar Gwaggo za ta gaya wa duk unguwa cewa Maimuna ta fara karɓar hidimar miji. Ta kuma san in ta ƙi, ta kunyata mutumin da ke goya ubanta.

"Ba bambanci," ta ce. "Amma tun da ya kwanta kai kake yi masa komai. Ka bar mini wannan ɗaya, ni ma in ce na yi."

Lawan ya ajiye kwalin a hankali.

Ta ɗauki siririyar fara. "Wannan ce mafi araha?"

"Ita ce," in ji Bitrus. "In wurin kusa ne ba laifi. Amma da nisa irin naku murya za ta fito a shaƙe, kuma tsintsiya ma tana iya tsinka ta."

"Irinta na sa wancan karon," in ji Inuwa. "Ita ce kawai a hannuna."

Ta mayar da ita. Saura ja da baƙin guda biyu. Ta juya wannan, ta juya waccan, ba ta ga abin da ya raba su ba. Bitrus ya ɗauki reza ya feƙe bakin kowacce, ya kankare silin da ke ciki. Ɗaya ta tsaya ja har ciki. Ɗayar da aka kankare sai fari ya bayyana.

"Wannan jan ƙarfe ce zalla. Waccan alminiyam ce aka shafa mata ja a sama, shi ya sa ta fi araha. Ɗaga ki ji nauyi."

Ta ɗaga. Ta jan ƙarfen ta fi nauyi, kuma ta fi laushin lanƙwasa.

"Mai arahar ba ta aiki ne?"

"Tana yi. Sai dai bakinta na saurin karyewa in ana yawan taɓawa. Ke kika san aljihunki, Malama. Ta jan ƙarfen ma ko kusa da kuɗin mai kwali ba ta kai ba."

Maimuna ta tuna yadda ake jan sifikun nan kullum in za a share ƙarƙashin gadon Baba. Ta leƙa jakarta. Zai isa, sai dai ta haƙura da takalmin da ta so saya.

"Auna mini ta jan ƙarfen."

"In kin je gida, ja a ramin ja, baƙi a ramin baƙi, a saitin da kuma bayan sifika," in ji Bitrus yana warware wayar a kan sandar awo. "Kada ki bari silin ja ya taɓa na baƙi."

Yana cikin yanka aka yi sallama. Wata dattijuwa ce mai ɗaurin zane biyu, da sanda a hannu, idanunta sun yi fari da yana. Ta tako a hankali tana laluben ƙofa.

Maimuna ta gane ko wace ce. Ta dubi Inuwa, shi kuma ya dubi ƙasa.

"Mama, ga Inuwa ya zo gaishe ki," in ji Bitrus, ya kama hannunta ya zaunar da ita.

"Inuwa ɗan Hauwa? Zo nan." Ta shafa kansa da kafaɗunsa. "Ba ka cin abinci ne? Allah ya ji ƙan uwarka, mace mai haƙuri. Su wa ke tare da ku? Ina jin numfashin mutane."

"Maimuna ce, 'yar Malam Audu."

Tsohuwar ta saki sandar. "Marainiyar nan? Matso, 'yata." Ta kama fuskar Maimuna da tafukanta masu sanyi. "Ke ce kika zama mace haka? Ranar da aka fita da uwarki ni na riƙe ki. Kuka kike yi kamar za ki shiɗe, duk matan gidan muna kuka tare da ke."

Inuwa ya durƙusa a gabanta. Maimuna ce ta ji muryarta ta fita ba da shirinta ba.

"Mama, da me aka raine ni? An ce mahaifiyar Inuwa ce ta ba ni nono."

"Hauwa?" Mama Kande ta yi 'yar dariya. "Hauwa da nononta ya yi ƙurji, shi kansa Inuwa da madarar gwangwani aka tashe shi? Ni nake dafa ruwan kwalbarsa. Ina ta ga abin ba ki?"

Inuwa ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannu.

"To wa ya ba ni?"

"Gwaggonki mana, Uwani. Lokacin ba ta yaye ɗanta ba, wani mai ƙaton kai da ba ya barin kowa barci. Lawan, in ban manta ba. Sai ta ɗora ki nan, ta ɗora shi nan. Har tsiya muke mata muna cewa uwar tagwaye. Tana nan da rai kuwa?"

Bitrus ya tsaya da filaya a hannu. A waje wani mai acaɓa yana ta danna oda.

"Na faɗi abin da bai kamata ba ne?" tsohuwar ta tambaya tana juya kai.

"Ni ne Lawan ɗin, Mama," in ji shi. "Kin tabbata ba ki rikita ba? Shekarun da yawa."

"Ɗana, idona ne ya mutu, ba kaina ba. Abin da ya faru bayan an yi wa mijina canjin aiki mun bar gidan, wannan ban sani ba. Amma wanda na gani na gani."

Lawan ya dubi Inuwa. "Maganar mace ɗaya ce."

"Maganar mace ɗaya ce ta raba ni da ita," in ji Inuwa, bai ɗago ba.

Maimuna ta biya kuɗin ba ta san yadda ta miƙa ba. Bitrus ya sa mata wayar a leda. Ta so ta yi murna, sai ta dubi Lawan ta ga ya ƙura wa mukullin mota ido, murnar ta koma ciki. Idan tsohuwar nan ta faɗi daidai, mutumin da ake shirin ɗaura mata aure da shi bayan sallah wanta ne. Idan kuwa haka ne, matar da ta raine ta ta sani.

"Tashi mu je gida," in ji Lawan.

Inuwa ya miƙe. "Maimuna..."

"Kada ka ce komai yanzu, don Allah," ta ce. "Kaina ba zai ɗauka ba."

Suka kama hanyar Tarauni. Ta rungume ledar a cinya. A ƙofar gida ya kashe mota ya zauna yana kallon sitiyari.

"Da gaske nake sonki, Maimuna," ya ce. "Ban san komai ba. Ki yarda da ni ko a wannan kaɗai."

"Na yarda, Yaya," ta ce, sai kalmar ta yi mata wani irin nauyi a baki.

Gwaggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta ɗago da murmushi da ta gan su tare.

"Har kun dawo? Mu ga abin da ya sayo miki."

Lawan bai cire takalmi ba. Ya tsaya a kanta.

"Umma, tambaya zan yi miki, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Kin taɓa ba Maimuna nono?"

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin shinkafar.

"Wace irin magana ce wannan? Wa ya gaya maka?"

"Mama Kande."

Farantin ya zame daga cinyarta, shinkafa ta watse a siminti, kaji suka yo kanta da gudu. Gwaggo ba ta kore su ba. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba da ke buɗe, ta dubi Maimuna, sannan ta ce da wata murya da ba su taɓa jin ta da ita ba:

"Ai ce mini aka yi Kande ta mutu."